Tarihin Kwamfutar Cinya ta Wasanni: Yadda Ta Sauko Hannun Mai Ƙaramin Ƙarfi

Kwamfutar cinya ta wasanni ita ce wadda aka ƙera domin ta ɗauki wasannin bidiyo masu nauyi, irin waɗanda kwamfutar ofis ke shaƙewa idan aka ɗora mata. Abin da ya raba ta da sauran shi ne wani guntu na daban da ke cikinta, wanda ba shi da aiki sai zana hoto a kan allo. Masu sayarwa suna kiransa girafik. Ta yi fiye da shekara goma sai masu hannu da shuni ke iya sayenta. Kafin ta sauko inda ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci zai yi tari ya mallake ta, injiniyoyi sun daɗe suna kokawa da abubuwa uku: zafi, cin wuta da tsada. Shawarar da ake ba mai ƙaramin ƙarfi a yau kan wadda zai zaɓa, daga wannan kokawa ta samo asali.

Asalin wasan da asalin na'urar

Wasan kwamfuta ya girmi kwamfutar cinya da kusan shekara 20. A 1962 Steve Russell da abokansa a cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka suka rubuta wasan Spacewar a kan PDP-1, wata ƙatuwar na'ura da ba a ɗaga ta daga inda aka kafa ta. Kwamfutar da mutum zai iya ɗauka kuwa sai a 1981 ta samu kasuwa, lokacin da aka fitar da Osborne 1 mai nauyin kusan kilo 11 da allon inci 5, a kan dala 1,795. A 1982 GRiD Compass ta zo da sigar da aka saba da ita yanzu, wato murfi mai allo da ke kifewa a kan madannai. Kuɗinta ya haura dala 8,000, saboda haka sojoji da hukumomi irin su NASA ne suka fi sayenta. Lissafi da rubutu ake yi da waɗannan na'urori, ba a ƙera su don wasa ba.

Mai son wasa a wancan zamani kwamfutar tebur yake nema. Kamfanin id Software na jihar Texas ya fitar da Doom a 1993 da Quake a 1996, wasannin da ɗan wasa ke ganin kansa yana ratsa ɗakuna da lunguna masu zurfi. Irin wannan zane yana yi wa furosesa ita kaɗai nauyi ƙwarai. Nan aka samu kasuwar katin girafik: kamfanin 3dfx ya fitar da Voodoo a 1996, sannan Nvidia, wanda Jensen Huang da abokansa biyu suka kafa a 1993, ya fitar da GeForce 256 a 1999.

Dalilin raba aikin a fili yake. Allon da aka fi amfani da shi yau yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, sama da ɗigo miliyan 2 ke nan, kuma wasa ba ya tafiya sumul sai an sabunta su kamar sau 60 a kowace daƙiƙa. Furosesa tamkar ƙwararren magini ce mai iya kowane aiki amma ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa girafik aikin gayya ne, dubban ƙananan hannuwa kowa da ɗan abin da yake yi a lokaci guda. Sai dai duk wutar da guntu ya sha, zafi take komawa. Akwatin tebur yana da fili da manyan fankoki. Kwamfutar cinya ba ta da ko ɗaya.

Duk da haka buƙatar ta riga ta bayyana. Kafin intanet ta yi sauri, matasa a Amurka da Turai sukan kinkimi akwatunansu da manyan alluna masu ƙeya zuwa zaure guda, su haɗa su da wayoyi su kwana suna gasa. Taron DreamHack na Suwidin ya faro a 1994, QuakeCon na Texas kuma a 1996. Wanda ya sha wannan dako shi ya fara neman na'urar da za ta shiga jaka.

Zamanin nauyi da tsada

A ƙarshen 2000 Nvidia ya sanar da GeForce2 Go, girafik na farko da ya yi wa kwamfutar cinya, kamfanin ATI na Kanada kuma ya biyo da Mobility Radeon. Alienware, wanda Nelson Gonzalez da Alex Aguila suka kafa a Miami a 1996, ya fitar da Area-51m a 2002, ya cusa mata furosesar Pentium 4 irin ta tebur. Kwamfutocin wannan zamani sukan kai kilo 4 zuwa 5, cajarsu kaɗai kaya ce, batirin ba ya wuce awa ɗaya ko biyu, kuɗinsu kuma dubban daloli. Da yawa daga cikinsu kamfanin Clevo na Taiwan ne ke ƙera gangar jikin, ƙananan kamfanoni su saya su manna sunansu.

Shekarar 2006 ce manyan kamfanoni suka shigo da gaske. Dell ya sayi Alienware, HP ya sayi VoodooPC, AMD ya sayi ATI, ASUS kuma ya buɗe reshensa na Republic of Gamers. Amma zafi bai daina ɓarna ba. A 2008 aka gano wasu guntayen Nvidia da ke cikin kwamfutocin cinya na kamfanoni daban-daban suna mutuwa, saboda dalmar da ke haɗa guntun tana tsagewa bayan yawan ɗumama da hucewa. Kamfanin ya ware kusan dala miliyan 200 domin gyara da canji.

Maganin da masu ƙira suka samu shi ne rage wa guntun ƙarfi. Sai ya zamana girafik na cinya yana ɗauke da lamba irin ta na tebur, an ƙara masa harafin M a ƙarshe, alhali ƙarfinsa ya yi ƙasa da nasa nesa ba kusa ba. Daga nan suna ya fara yaudarar mai saye. A 2010 fasahar Optimus ta rage matsalar batir, inda babban girafik ke kwantawa idan rubutu ko kallo ake yi, ya farka idan an buɗe wasa. A 2012 Razer Blade ta nuna cewa kwamfutar wasa tana iya zama siririya, amma a kan kusan dala 2,800.

Saukowar farashi

Tsakanin 2014 da 2019 al'amarin ya juya. Guntayen Maxwell na 2014 sun ba da ƙarfi mai yawa da wuta kaɗan, har Dell ya iya sayar da Inspiron 15 mai GTX 960M a kan kimanin dala 800 a 2015. A watan Agusta 2016 aka kawo wa kwamfutocin cinya guntayen Pascal, waɗanda aka ƙera da ma'aunin nanomita 16 maimakon 28. Nvidia ya jefar da harafin M, ya ce tazarar GTX 1060, 1070 da 1080 na cinya da na tebur ba ta wuce kashi 10 cikin 100 ba. A farkon 2017 GTX 1050 da 1050 Ti suka shigo, su ne suka zama ginshiƙin kwamfutocin masu ƙaramin kuɗi, kafin GTX 1650 ya gaje su a 2019.

Wasannin ma sun taimaka. League of Legends, Dota 2 da Fortnite kyauta ake sauke su kuma ba sa neman na'ura mai tsada, saboda haka miliyoyin matasa suka shiga neman kwamfuta matsakaiciya. Kamfanonin Taiwan masu ƙera wa wasu, irin su Quanta da Compal, suna da manyan masana'antu a biranen Sin kamar Kunshan da Chongqing, kuma yawan ƙira yana sauke kuɗin kowace guda. Kowane kamfani sai ya buɗe layi biyu, na sama da na ƙasa. Acer yana da Predator da Nitro, ASUS yana da ROG da TUF, HP yana da Omen ya ƙara Victus a 2021, Lenovo ya fara Legion a 2017 ya ƙara LOQ a 2023. Shigowar furosesar Ryzen 4000 ta AMD a 2020 ta tilasta wa Intel gasa, mai saye ya amfana.

Annoba da rikicin suna

Sauƙin bai ɗore a miƙe ba. Annobar korona ta 2020 ta zaunar da mutane a gida, neman kwamfuta ya ƙaru, guntaye suka yi ƙaranci a duniya. Masu haƙar kuɗin kirifto na Ethereum kuma suka wawushe katunan girafik, har wasu suka koma sayen kwamfutocin cinya don wannan aiki. Kasuwar ba ta lafa ba sai a 2022, shekarar da Ethereum ya daina amfani da haƙa a watan Satumba.

A wannan tsakani tsohuwar yaudarar suna ta dawo da sabuwar riga. Guntu ɗaya ana iya ba shi wuta kaɗan ko mai yawa, gwargwadon abin da fankokin na'urar za su iya hucewa. RTX 3060 na cinya yana aiki daga wat 60 zuwa 115, RTX 4060 kuwa daga wat 35 zuwa 115. Kwamfutoci biyu masu lamba ɗaya a kwali suna iya bambanta ƙwarai a wasa. Tun 2021 Nvidia ya buƙaci masu ƙira su riƙa bayyana wannan adadi, amma sau da yawa sai an tona takardar bayanai ake ganinsa.

Inda masu ƙira ke rage kuɗi

Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma layin ƙasa yana da wuraren da aka saba tsuke shi. Akan sa sanda ɗaya ta RAM mai giga 8 a bar ɗaya ramin wayam, alhali sanduna biyu sun fi sauri. Akan sa ma'ajiyar SSD mai giga 256 ko 512, ga shi wasa ɗaya na zamani yana iya cin fiye da giga 100. Allon yana iya sabuntawa sau 144 a daƙiƙa amma launinsa ya koɗe. Jikin roba ne, kuma maƙalar murfin takan fara tsagewa.

Waɗannan ragi ba darajarsu ɗaya ba. RAM da SSD ana kwance su a ƙara a yawancin kwamfutocin wasa, don haka mai ƙaramin kuɗi yana iya haƙuri da su zuwa gaba. Girafik da furosesa kuwa a liƙe suke da babban allon ciki. An gwada sanya girafik mai cirewa da tsarin MXM tun 2004, Alienware ma ya sake gwadawa da sabuwar Area-51m a 2019, amma abin bai karɓu ba. Shi ya sa ƙa'idar masana ta tsaya a kan fara zuba kuɗi a abin da ba ya canzuwa: lambar girafik, wat ɗin da aka ba shi, yawan ma'ajiyarsa ta kansa, wadda giga 4 ta fara gazawa a sababbin wasanni, da kuma ingancin fankoki da bututun jan ƙarfe masu fitar da zafi.

Kasuwar gwanjo

Rabin tarihin arahar ya faru ne a hannu na biyu. Kwamfutar da aka yi shekara uku ko huɗu ana wasa da ita a Amurka ko Ingila takan ƙare a kasuwannin Afirka. A Najeriya babbar mashigarta ita ce Computer Village da ke Ikeja a Legas, daga nan kaya ke bazuwa zuwa Banex a Abuja, Titin Beirut a Kano da sauran birane. Bayan an saki naira a watan Yuni 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,400 a farkon 2024, sabuwa fil ta ƙara nisa da talaka, tokumbo, wato ta gwanjo, ta zama ita ce madogara. Masu sayenta ba 'yan wasa kaɗai ba ne. Masu tace bidiyo, masu zanen gini da ɗaliban injiniya duk wannan girafik suke nema.

A nan ma zafi ne babban alƙali. Idan mai gyara ya kwance murfin ƙasa na tsohuwar kwamfutar wasa, abin da ya fi tararwa shi ne ƙura ta dunƙule ta toshe ramukan da iska ke fita, man toka-toka da ke tsakanin guntu da jan ƙarfe kuma ya bushe ya farfashe. Na'ura a wannan hali takan fara wasa lafiya, bayan minti goma ko ashirin fanka ta hau kuka, hoto ya fara tsinkewa, domin guntun yana rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Ƙurar hunturu da zafin bazara mai haura digiri 40 suna gaggauta wannan. Saboda haka gwajin kunnawa da kashewa a shago ba ya nuna komai, sai an bar wasa mai nauyi ya yi ta gudu na ɗan lokaci.

Akwai kuma batun wuta. Kwamfutar wasa tana rage ƙarfinta da zarar an zare caja, cajar kuma takan kai wat 150 zuwa 230, ninki biyu ko uku na ta ofis, abin da mai dogaro da sola ko inbata yake sawa a lissafi. Cajar jabu ko ƙarama ba ta ba na'urar cikakken ƙarfinta. Shekarun furosesa ma sun zama ma'auni: Windows 11, wanda ya fito a 2021, yana buƙatar Intel zubi na 8 zuwa sama ko makamancinsa na AMD, kuma Microsoft ya rufe tallafin yau da kullum na Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025. Wannan ya sa kwamfutocin zamanin GTX 960M da wasu na GTX 1050 suka faɗa ajin da ke fita daga yayi, yayin da masu GTX 1650, RTX 3050 da RTX 3060 suka zama matakin da mai ƙaramin ƙarfi ya fi samun abin da kuɗinsa ya biya.