Ranar Fita: Yadda Kalanda Ta Zama Alƙalin Fina-finan Hollywood

Akwai zamanin da fim a Amurka yake tafiya a hankali, gari bayan gari. Gone with the Wind, wanda aka fara haskawa a birnin Atlanta ranar 15 ga Disambar 1939, ya yi watanni ana nuna shi a zaɓaɓɓun manyan gidajen sinima, tikiti da tsada, kujera kuma sai an kama tun kafin ranar. Sai a 1941 ya sauko wa talaka a farashin da ya saba biya. The Sound of Music da ya fito a watan Maris na 1965 ya haura shekara huɗu yana zagaye kafin a janye shi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kowane kwafin fim naɗi ne mai nauyi da tsadar bugawa, don haka kamfani yakan buga kaɗan, ya fara da New York da Los Angeles, ya bari labari ya bazu a bakin mutane, daga nan kwafin ya gangara ƙananan garuruwa. In makon farko bai yi armashi ba, akwai na biyar, akwai na ashirin. Fim ɗin da ake watsawa ko'ina a rana guda kuwa, galibi wanda masu shi ba su amince da shi ba ne, suna so su kwashi rabonsu kafin 'yan kallo su tsegunta wa juna cewa ba shi da daɗi.

Jaws ne ya sauya wannan al'ada, kuma kusan bisa tsautsayi. Kamfanin Universal ya so fitar da shi a Kirsimetin 1974, domin a lokacin ƙarshen shekara ne kakar manyan fina-finai, watannin zafi kuwa ana yi musu kallon lokacin da kasuwa ke kwanciya. To amma ƙaton kifin roba da ƙarfe da aka ƙera don fim ɗin ya yi ta lalacewa a ruwan gishirin tsibirin Martha's Vineyard. Ɗaukar da aka tsara gamawa cikin kwana 55 ta kai kwana 159, a hannun wani matashin darakta mai suna Steven Spielberg. Dole aka ɗage zuwa 20 ga Yunin 1975, daidai lokacin da makarantu ke hutu, jama'a na tururuwa bakin teku. Aka buɗe shi a sinimu 409 a Amurka lokaci guda, aka kuma zuba wajen dala 700,000 a tallar talabijin ana gab da fitarsa. A kwana uku na farko ya tara kimanin dala miliyan 7.

Sauran kamfanoni sun ɗauki darasi, amma darasin ya zo da sharaɗi mai tsauri. Idan an kashe kuɗin talla gaba ɗaya kafin Juma'ar farko, to daga Juma'a zuwa Lahadin nan ne za a yanke wa fim hukunci. Ga kuma yadda ake raba kuɗin tikiti a wancan lokacin: a makonnin farko kamfanin fim ne ke kwashe kaso mafi tsoka, rabon mai sinima sai fim ya daɗe yake ƙaruwa. Mai sinima ba shi da dalilin riƙe fim ɗin da ya fara da kujeru wayam, alhali ga wani can mutane na dogon layi a kansa. Daga nan ranar fita ta zama abin da ake zama a kai, ana leƙen kalandar abokan gasa kafin a tsayar.

Cikin manyan daraktocin da wannan sabon tsari ya murƙushe akwai William Friedkin. A 1977 ba a cika samun wanda tauraronsa ke haskawa kamarsa ba: ya ci Oscar da The French Connection, ya kuma girgiza duniya da The Exorcist a 1973. Sai ya ɗauko labarin wani tsohon fim ɗin Faransa na 1953, na mutum huɗu da ke tuƙa manyan motoci biyu maƙare da nakiya a cikin kurmin Kudancin Amurka, inda gargada ɗaya ta isa ta tarwatsa su. Ya kira shi Sorcerer, ya ɗora Roy Scheider, jarumin Jaws, a gaba. Aikin ya ci rai. An gina gadar igiya a kan wani kogi a Jamhuriyar Dominika, kogin ya ƙafe, aka kwashe komai zuwa Meziko aka sake ginawa. Kuɗi ya kai wajen dala miliyan 22, har sai da kamfanoni biyu, Universal da Paramount, suka haɗa hannu.

Wata guda kafin ranar fitar Sorcerer, a 25 ga Mayu, wani fim da masu sinima da yawa ba su ma so karɓa ba ya buɗe a gidaje 32 kacal. Star Wars ke nan. Cikin waɗannan gidajen har da shahararriyar sinimar Chinese Theatre da ke Hollywood, wadda ta riga ta yi alƙawarin ba Sorcerer wuri daga 24 ga Yuni. Aka cika alƙawari, aka cire fim ɗin da layinsa ke zagaye unguwa, aka sa na Friedkin. Cunkoson ya watse. Ranar 3 ga Agusta Star Wars ya koma gidan da gagarumin biki. Sorcerer ya tashi da kusan dala miliyan 9 a duk duniya, ko rabin kuɗinsa bai mayar ba. Gaskiya ne ba Star Wars kaɗai ya kayar da shi ba: sunansa ya sa mutane sun zo da tsammanin fim ɗin aljanu irin The Exorcist, kuma kusan rubu'in sa'a na farko ba a jin Ingilishi a cikinsa, har wasu suka riƙa fita suna zaton fim ɗin ƙetare ne. Amma irin wannan matsala ita ce wadda tsohon tsari kan warware da lokaci, a wannan karon kuma lokacin ne ba a ba shi ba. Sai a 2013, da aka gyara shi aka haska a bikin fina-finai na Venice, ya sami girmamawar da ta dace da shi.

Shekara biyar bayan faɗuwar Sorcerer aka ga abin da ya fi wannan. Kalandar 1982 ta cika maƙil: Rocky III a 28 ga Mayu, Star Trek II da Poltergeist a 4 ga Yuni, sai E.T. na Spielberg a 11 ga Yuni, labarin yaro da wani baƙon halitta daga sararin samaniya da ke neman hanyar gida. Iyalai suka yi ta komawa kallonsa, sau biyu, sau uku. Ya yi mako 16 a matsayi na ɗaya, daga baya ya ture Star Wars daga kujerar fim ɗin da ya fi kowanne kawo kuɗi. Cikin wannan guguwar, ranar 25 ga Yuni, fina-finai biyu masu duhun labari suka faɗo a rana guda, suna zawarcin 'yan kallo iri ɗaya.

Na farko Blade Runner ne na Ridley Scott, da Harrison Ford. An ruwaito cewa furodusa Alan Ladd Jr. ya zaɓi ranar ne don Star Wars da Alien duk sun fito a 25 ga wata sun yi nasara, shi ya sa yake ganin ranar sa'arsa ce. Fim ɗin da ya ci wajen dala miliyan 28 ya buɗe da miliyan 6 da 'yan kai, kafin wani lokaci ya dusashe. Na biyu shi ne The Thing na John Carpenter, labarin wata halitta da ke shiga jikin mutane a sansanin bincike na Antatika, har kowa ya daina yarda da kowa. Abin takaici, Universal ɗin da ya fitar da E.T. shi ne ya fitar da wannan, mako biyu tsakani: baƙo mai ban tausayi a wannan zaure, baƙo mai ban tsoro a na kusa da shi. The Thing ya buɗe a matsayi na takwas da dala miliyan 3.1, ya ƙare da miliyan 19.6 a kan jarin miliyan 15. Masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, kamfanin kuma ya karɓe aikin fim ɗin Firestarter daga hannun Carpenter. Wannan ita ce asarar da alƙaluma ba sa nunawa. Fim yana iya farfaɗowa bayan shekara goma, amma aikin da aka hana darakta a shekarun ƙarfinsa ba ya dawowa.

Kaset ɗin bidiyo da talabijin ne suka ceci su biyun, domin a gida babu mai korar fim don wani ya shigo. An sake fitar da Blade Runner a 1992 bayan an cire muryar mai ba da labari da ƙarshen farin ciki da aka cusa masa a dole, a 1993 kuma aka sa shi cikin rajistar fina-finan da Amurka ke adanawa a matsayin kayan tarihi.

A 1993 ɗin aka sake tafka kuskure biyu. Kamfanin Columbia ya dage sai ya fitar da Last Action Hero na Arnold Schwarzenegger ranar 18 ga Yuni, mako guda bayan Jurassic Park, duk da an gama haɗa shi a gurguje. Ya tara kusan dala miliyan 50 a Amurka, bayan an kashe masa wajen miliyan 85. Disney kuma ya fitar da Hocus Pocus, fim ɗin mayu da aka gina kan bikin Halloween na ƙarshen Oktoba, a ranar 16 ga Yuli, tamkar mai kai ragunan layya kara saura wata uku Sallah. Bai taɓuka abin kirki ba. Da aka riƙa nuna shi a talabijin duk Oktoba sai ya zama al'adar gida-gida, har da aka mayar da shi sinima a Oktoban 2020 ya hau matsayi na biyu, yana da shekara 27.

Ba kowace faɗuwa ce za a ɗora wa kalanda ba, ko da yake kamfanoni na son wannan uzurin don ya fi sauƙin faɗa. Masu bin fina-finan Indiya sun san Lagaan na Aamir Khan da Gadar na Sunny Deol sun fito rana guda, 15 ga Yunin 2001, kuma kowanne ya ci kasuwarsa, saboda kowanne da mutanensa. Sun kuma san yadda Salman Khan ya mayar da ƙaramar Sallah tasa tun daga Wanted a 2009 da Dabangg a 2010, lissafin da 'yan fim na Kano ma suke yi idan azumi ya zo ƙarshe. Titanic ma an tsara shi ne don Yulin 1997, aiki bai kammalu ba aka ɗage zuwa 19 ga Disamba, jaridu na ta hasashen fim ɗin da ya ci dala miliyan 200 zai yi asara. Ɗagewar ta zame masa alheri. Watannin Janairu da Fabrairu babu wani babban fim a gabansa, ya yi mako 15 a jere yana na ɗaya, ranar da ya fi samun ciniki kuma ita ce 14 ga Fabrairun 1998, kusan wata biyu da fitowarsa.

A yau rigimar ta koma kan manyan allunan IMAX, waɗanda ba su da yawa kuma tikitinsu ya fi tsada. Mission: Impossible – Dead Reckoning na Tom Cruise ya fito ranar 12 ga Yulin 2023, masu sharhi na yabo, 'yan kallo na yabo. Amma tun tuni Christopher Nolan ya kama allunan IMAX na mako uku don Oppenheimer daga 21 ga Yuli, ranar da Barbie ma ya fito. Kwana tara kawai fim ɗin Cruise ya samu a kansu. A ƙarshen mako na biyu cinikinsa a Amurka ya faɗi da sama da kashi 60 cikin ɗari, ya ƙare da kimanin dala miliyan 570 a duniya a kan jarin da ya doshi miliyan 300, ƙasa ƙwarai da miliyan 790 da wanda ya gabace shi, Fallout, ya kawo a 2018.