Daga Goyo Zuwa Yaye: Nazari a Kan Reno a Tsaskiya

A Tsaskiya, kamar sauran garuruwan ƙasar Safana da Batsari a jihar Katsina, da abin da yaro ya iya ake auna girmansa. Uwa za ta ce "ya fara zama", ko "yana rarrafe", ko "ya soma tatata", tun kafin ta tsaya lissafin watanni. Kowane mataki kuma da hannun da yake karɓar yaron. Kwana arba'in na wankan jego da kunun kanwa na ungozoma ne da tsofaffin gida, ranar suna ta liman ce da wanzami, goyo kuwa uwa da 'yar reno ke raba shi. Da zarar ƙafa ta yi ƙwari, yaro ya zama na tsakar gida: ya bi kaji, ya leƙa murhu, ya nufi bakin rijiya, idanu goma na kansa.

Jinkirin tafiya ba ya cika tayar wa kakanni hankali, kuma ilimin zamani ya ba su gaskiya. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, kan yara daga Ghana da Indiya da Oman da Norway da Amurka, ya nuna lafiyayyen yaro na iya fara tafiya shi kaɗai tun daga wajen wata 8 har kusan wata 18, wasu ma ba sa rarrafe sam.

Inda hatsarin yake shi ne yaye. Bisa al'ada ana kaiwa kusan shekara 2 ana shayarwa, daidai da abin da addini ya kwaɗaitar. Ran da za a cire yaro, a karɓo rubutun dangana wurin malam, a shafa wa nono abu mai ɗaci, sannan a goya shi zuwa ɗakin kaka. Can zai kwana yana kuka, tana lallashinsa da kunu da ƙosai, har ya haƙura. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, ya nuna yadda yaye da riƙo suke ɗaure yaro da dangi a ƙasar Zazzau. Hikimar kai yaro ɗakin kaka a fili take, amma tana da sharuɗɗa: kakar tana kusa, rumbu da gero, ƙwaryar nono na shigowa gari. Idan kuwa kwanika ta gitta, aka cire yaro farat ɗaya saboda sabon ciki, ko yayen ya faɗo tsakiyar damina kafin gero ya nuna, to yaro mai guje-guje kan koma ya lafe.

Waɗannan sharuɗɗa ne rikicin 'yan bindigar Dajin Rugu ya girgiza. Satar shanu ta rage nono, gonakin nesa sun gagari masu su, iyalai da dama sun watsu zuwa Dutsin-Ma da Katsina, ɗakin kaka ya yi wa jika nisa. Tun a 2018 binciken lafiya na ƙasa ya ce kashi 57 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Arewa maso Yamma sun tsumbure. A 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata 6 na farkon shekarar, saboda tamowa.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ake yi wa bayani. A wurin awo da rigakafi uwa ake zaunarwa a koya mata zuba gyaɗa, waken suya da zogale a kunu. Amma bayan yaye sau da yawa ba ita ke riƙe da ludayin ba. Kaka ce, ko kishiya, ko yayar yaron 'yar shekara 8 wadda ke goye da shi tun safe, kuma su ba kasafai ake kiran su asibiti ba.