Tarihin kartar da ake raba tulinta biyu

Yawancinmu in an ce karta, Whot muka sani. To yau ina so in ba ku tarihin wani reshe na kartar Amurkawa da ake kira poka, wanda a cikinsa ake raba abin da aka tara gida biyu, domin akwai abin lura a ciki.

Poka dai a kudancin Amurka ta taso. Wani Bature ɗan wasan kwaikwayo, Joseph Cowell, ya ba da labarin yadda ake buga ta a shekarar 1829: karta 20, mutum huɗu, kowa biyar. Jiragen ruwan kogin Misisipi suka yaɗa ta, daga baya aka koma karta 52. A duk tsawon wannan lokaci doka ɗaya ce, mai babban hannu shi ke kwashe tuli duka. Sai wajen 1900 aka fito da rabawa: rabi na mai hannu mafi girma, rabi na mai hannu mafi ƙanƙanta. Hannun da a da ake zubarwa ya zama abin nema.

Ni a gidan wani maƙwabcina Bayarabe da ya yi karatu a Amurka na koye ta, a nan Ibadan, kuma da tsinken ashana muke yi, domin na gaya masa tun farko addinina ya haramta caca. Salon da muke bi shi ne na cikin gida. In an gama zubi, kowa zai kai hannu ƙarƙashin tebur ya dunƙule, sannan a buɗe lokaci guda. Hannu wofi na nufin ƙarami kake nema, tsinke ɗaya babba, biyu kuwa duka kake so. Wanda ya ce duka, dole ya ci ɓangarorin biyu, in ya faɗi ɗaya ya rasa komai. Su Amurkawa alade suke kiran wannan, mu kuwa mun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Sai dai jama'a, kada wani ya ɗauka rabon nan tausayi ne. Ku duba lissafin. In mutum biyu suka rage, kowa ya zuba 10, rabin tuli 10 ne, ka ga ba riba ke nan. In su uku ne, rabin 30 shi ne 15, ribar 5 kacal. In kuwa biyu suka yi kunnen doki a ƙaramin hannu, kowa rubu'i zai samu, wato 7 da rabi, ga shi ya ci amma ya yi hasara. Amfanin rabawa shi ne ta hana mutane tashi. Mai mummunan hannu sai ya riƙa ganin yana da rabo, ya ci gaba da zubawa, tuli na ƙara tudu.

Da ashana, wannan shi ke sa hira ta yi armashi, domin ba wanda ke zaman kallo. Da kuɗi kuwa, shi ne tarkon. Mu da muka baro gida neman halak, kowane sisi akwai mai jiransa a Arewa. Don haka in yaranmu suka ce wannan kartar ba ta cin mutum tunda ana rabawa, a zaunar da su a yi musu lissafin nan.

Allah Ya tsare mana guminmu, amin.