Ma'anar kalmar "enforce" da yadda ake amfani da ita

Kalmar "enforce" aikatau ce ta Turanci da ke yawan fitowa a sanarwar gwamnati da labaran kotu. Ma'anarta ita ce tabbatar da cewa ana bin wata doka ko ƙa'ida ko umarnin kotu, tare da hukunta wanda ya saɓa. Ta shigo Turanci ne daga tsohon Faransanci, asalinta kuma kalmar Latin "fortis", wato mai ƙarfi.

Doka ko ƙa'ida ce ke biyo bayan wannan aikatau, kamar a "enforce the law". Idan kuwa mutum ake tilasta wa yin wani abu, kalmar "force" ce ta dace.

Ta kuma bambanta da "enact", wadda ke nufin kafa doka, aikin da ke hannun majalisa. Don haka idan Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta yi amfani da "enforce" a kan ɗaura bel a mota, ba sabuwar doka ta kawo ba. Dokar tana nan tun da farko, sanarwar na gargaɗi ne cewa za a riƙa tsayar da direbobi ana cin su tara.

Daga wannan aikatau aka samu sunan "enforcement". A fagen shari'a ana amfani da shi wajen ƙarar neman kare haƙƙi, wadda sashe na 46 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya bai wa wanda aka tauye wa haƙƙinsa damar shigarwa a Babbar Kotu.