MASU ƊAUKAR HOTON ABIN DA IDO BA YA GANI: TARIHIN MATSAYINSU A ƊAKUNAN BINCIKE



Hausawa suna cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Maƙasudin wannan lacca shi ne mu bi tarihin wani rukuni na ma'aikatan ilmin kimiyya waɗanda wannan karin magana ta daɗe tana dacewa da su, watau gwanayen da ke sarrafa madubin likita da sauran na'urorin ɗaukar hoton abubuwan da ido ba ya iya gani. Duk ɗalibin da ya buɗe littafin ilmin halittu ya ga aikinsu, amma da wuya a sami wanda ya san sunan ko da mutum ɗaya daga cikinsu. Za mu duba yadda abin ya faro, da yadda ya kai ga halin da ake ciki, sa'an nan mu waiwayi jami'o'inmu.

Tun farkon al'amarin, a Turai ta ƙarni na 17, akwai bambanci tsakanin mai tunani da mai aikin hannu. Robert Boyle, wanda ake ƙidaya shi cikin magabatan ilmin sinadarai, ɗan sarauta ne mai dukiya, yana kuwa da ma'aikata da yake biya su haɗa kayan gwaji, su gudanar da shi, su rubuta abin da suka gani. Masanin tarihi Steven Shapin ya nuna, cikin wata maƙala da ya buga a 1989, cewa yawancin waɗannan mutane ba a ambace su da suna cikin littattafan Boyle ba, sai dai in gwaji ya ɓaci a ce laifin ma'aikaci ne. Ɗaya daga cikinsu, Robert Hooke, ya yi sa'ar fita daga wannan duhu. Shi ya ƙera wa Boyle famfon zuƙe iska, a 1662 kuma Ƙungiyar Masana ta Sarkin Ingila ta ɗauke shi mai kula da gwaje-gwaje, a 1665 ya buga littafinsa Micrographia mai ɗauke da zanen ƙuma da na ɓawon itace kamar yadda suka bayyana a madubi.

A ƙasar Holan kuma, a garin Delft, akwai Antoni van Leeuwenhoek, ɗan kasuwa mai sayar da yadi, wanda bai yi jami'a ba, bai kuma san Latin ba. Da gilasan da ya goge da hannunsa ya ga ƙananan halittu cikin ɗigon ruwa. Ya fara aika wa masanan London wasiƙu a 1673, suka shigar da shi ƙungiyarsu a 1680. To, amma shi kansa masu zane ya riƙa ɗauka su zana masa abin da ya gani, mafi yawansu kuwa tarihi bai riƙe sunayensu ba.

Al'amarin ya sake kama a ƙarni na 20, sa'ad da na'urori suka yi girma, suka yi tsada. Ernst Ruska da Max Knoll suka ƙera madubin ilektiron na farko a Balin a 1931, kamfanin Siemens ya fara sayar da shi a 1939. Shi Ruska bai sami kyautar Nobel ba sai a 1986, bayan shekara 55. Irin wannan na'ura ta fi ƙarfin malami guda, tana kuma bukatar wanda zai zauna da ita shekara da shekaru har ya san halinta. Daga nan ne aka sami sana'ar da muke magana a kanta.

Alal misali, mu ɗauki hoton nan da ake kira Hoto na 51. A watan Mayu na 1952, a Kwalejin King's da ke London, Rosalind Franklin da ɗalibinta Raymond Gosling suka haska zaren sinadarin gado, watau DNA, da hasken eksire na tsawon awa wajen 60, suka sami hoton da ya nuna cewa a murɗe yake. A watan Janairu na 1953 Maurice Wilkins ya nuna wa James Watson hoton ba da sanin Franklin ba. A watan Afrilu na shekarar Watson da Francis Crick suka buga bayanin siffar DNA a mujallar Nature. Franklin ta rasu a 1958, aka ba Watson da Crick da Wilkins kyautar Nobel a 1962. Shi kuwa Gosling, wanda hannunsa ya yi aikin ɗaukar hoton, sai daga baya masu tarihi suka riƙa ambatonsa.

Misalin da ya fi kusa da batunmu shi ne na June Almeida. An haife ta a Glasgow a 1930, ubanta direban bas ne. Ta bar makaranta tana da shekara 16 domin babu kuɗin jami'a, ta shiga aikin ɗakin gwaji na asibiti. Daga baya ta tafi Kanada, inda ta koyi sarrafa madubin ilektiron a cibiyar binciken ciwon daji da ke Toronto. A 1964 aka jawo ta zuwa makarantar likitanci ta asibitin St Thomas a London. Ta ƙware wajen wata dabara ta zuba garkuwar jini a kan ƙwayoyin cuta domin su dunƙule wuri guda, sa'an nan ta rina gefensu da sinadari mai duhu, siffarsu ta fito sarai. Tun da fari ta taɓa ganin wasu ƙwayoyi masu tsinkaye kewaye da su, ta rubuta bayani, masu tace mujalla suka ƙi karɓa, suka ce hotunan ƙwayar mura ce waɗanda ba su fita da kyau ba. Da likita David Tyrrell ya aiko mata da wata ƙwaya mai lamba B814 wadda ta gagare shi ganewa, sai ta ga siffar nan da ta sani. Suka buga sakamakon a 1967, a 1968 kuma aka raɗa wa wannan dangi suna korona, saboda kamarsa da kambi. Ta sami digirin dakta ta hanyar ayyukan da ta buga, ta rasu a 2007. Duk da haka, jama'a ba su san ta ba sai da annobar korona ta 2020 ta sa 'yan jarida suka tono labarinta.

Abin lura a nan shi ne, Almeida ta ci gaba ne domin an sa sunanta cikin marubutan maƙalu. Da a ce an tura sunan can ƙarshen takarda, wurin godiya, da babu digiri, babu ƙarin girma. Wannan shi ne tushen matsalar har yau. Jami'a tana auna malami da yawan maƙalunsa da ɗalibansa da kuɗin binciken da ya jawo. Gwanin da ke riƙe da ɗakin na'urori na gama-gari kuwa, lokacinsa yana ƙarewa wajen koya wa ɗalibai, da gyaran na'ura, da tsara gwajin wasu, da tantance ko hoton da aka ɗauka gaskiya ya nuna ko kuwa kuskuren na'ura ne. Babu ɗaya cikin waɗannan da ma'aunin jami'a ke ƙirgawa. Sau da yawa kuma aikinsa na kwantiragi ne, in kuɗin ya ƙare ya tafi da saninsa.

A 'yan shekarun nan an fara gyara. Kyautar Nobel ta ilmin sinadarai ta 2014 da ta 2017 duk kan sababbin hanyoyin ɗaukar hoto aka ba da su, wannan ya ɗaga darajar fannin. A 2017 jami'o'in Birtaniya suka fara sa hannu kan wani alkawari na bayyana aikin ma'aikatan fasaha, da yaba musu, da buɗe musu hanyar ƙarin girma. A 2019 gidauniyar Chan Zuckerberg ta Amurka ta fara biyan albashin gwanayen hoto kai tsaye a ɗakunan gama-gari. Mujallu da yawa kuma sun karɓi tsarin CRediT, wanda ya kasa aikin bincike gida 14, ake rubuta abin da kowa ya yi. A Afirka ma an buɗe wata cibiyar madubai ta gama-gari a Jami'ar Cape Town, wadda ke karɓar masu bincike daga ƙasashen nahiyar tana horar da su.

A Nijeriya, ma'aikatan fasaha na ɗakunan gwaji suna da cibiyarsu a Ibadan wadda doka ta 2003 ta ba ikon yi musu rajista, suna kuma da ƙungiyarsu a jami'o'i, amma tsanin albashinsu dabam yake da na malamai. Mun sha ganin an sayo na'ura da kuɗi masu yawa, an yi bikin buɗewa, bayan 'yan shekaru an lulluɓe ta da leda domin wanda aka horar a kanta ya bar aiki. Ma'aikatan gwamnati da ke tsara kasafi ya kamata su sa albashin gwani da horonsa da kuɗin gyara cikin farashin na'ura tun ranar saye. Hukumomin jami'a su yi wa gwanayen tsani wanda zai kai su matsayin da ya yi daidai da na babban malami, ba tare da sun bar ɗakin gwaji ba. Ɗalibai kuma, in wani ya tsara muku gwaji ko ya fassara muku hoto, sunansa ya cancanci shiga cikin marubuta.

Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Magabatanmu masu kwafar littattafai da hannu sukan rubuta sunansu a ƙarshen littafi, bayan na mawallafi, su roƙi mai karatu addu'a, ta haka ne kuwa masu nazari a yau suke sanin hannun da littafi ya bi kafin ya iso gare mu. Abin da gwanin madubi yake nema bai wuce wannan ba, a san hannun da hoto ya fito, a kuma biya shi gwargwadon aikinsa.