BABI NA UKU: TARIHIN YAWON BUƊE IDO A GANDUN DAJIN YANKARI

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin tarihin yawon buɗe ido da shaƙatawa a Gandun Dajin Yankari, wanda ke cikin Ƙaramar Hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi. Za a dubi yadda dajin yake kafin a killace shi, da yadda aka mayar da shi wurin da baƙi ke zuwa kallo, da hukumomin da suka riƙe shi ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sai a dubi yadda al'amarin ya shafi mutanen ƙauyukan da ke kewaye da shi. Manufar ita ce a nuna cewa jin daɗin da baƙo ke samu a Yankari ya rataya ne a wuyan manomi da makiyayi da maharbin da ke zaune a bakin dajin, waɗanda su ne aka fara hana wa shiga domin baƙon ya sami abin kallo.

3.1 Matsayin Daji a Wurin Mutanen Ƙasa

Kafin zuwan Turawa, Bahaushe da maƙwabtansa sun san tafiye-tafiye iri-iri, kamar fatauci da yawon almajiranci da ziyarar 'yan'uwa da cin rani da aikin hajji. Haka nan sun san tafiya domin kallo, kamar kallon hawan salla ko dambe ko kokawa ko bikin kamun kifi. To amma dukkan waɗannan a cikin mutane ake yin su. Shi kuwa daji wurin neman abinci ne. A can ake farauta da kiwo da saran itace da cin zuma da haƙo saiwoyin magani. Wuri ne kuma na tsoro, wanda ake dangantawa da iskoki da miyagun namun dawa, shi ya sa maharbi ba ya shiga sai ya shirya da layu da sauran asirai. Saboda haka, mutum ya biya kuɗi ya shiga daji don kawai ya kalli giwa ya dawo hannu rabbana, baƙuwar al'ada ce wadda ta shigo tare da mulkin mallaka.

Turawan Ingila sun fara da kafa dokokin hana kashe wasu namun daji. A Nijeriya an yi irin wannan doka a 1916. A 1933 kuma ƙasashen da ke mulkin Afirka suka ƙulla yarjejeniya a birnin Landan a kan keɓe wasu dazuzzuka domin kare dabbobi da itatuwa. Wannan tunani shi ne ya haifar da manyan gandaye a Gabashin Afirka, kuma shi ne daga baya ya iso ƙasar Bauchi.

3.2 Dajin Yankari Kafin a Killace Shi

Dajin Yankari yana da faɗin kimanin murabba'in kilomita 2,244, kuma yana maƙwabtaka da ƙasashen Duguri da Pali da Gwana. Kogin Gaji ne ya ratsa shi. Dajin na cike da itatuwa irin su kawo da marke da ƙirya da taura, ga kuma gamba mai tsawo da ke rufe ko'ina da damina. A lokacin da aka killace shi, cikinsa ba kowa, to amma akwai alamu bayyanannu da ke nuna cewa mutane sun taɓa zama a wurin na tsawon lokaci.

Daga cikin waɗannan alamu akwai rijiyoyin Dukkey, su fiye da 130, waɗanda aka haƙa aka haɗa su da juna ta ƙarƙashin ƙasa domin tara ruwa. Ana danganta su da ayarin fatake da masu cinikin bayi da ke yada zango a wurin. Akwai kuma koguna 59 da aka sassaƙa a jikin dutse, waɗanda wani mai bincike, P. J. Marshall, ya bayyana wa duniya a 1980, har ake kiransu da sunansa. Ana kyautata zaton cewa mafaka ce ta lokutan yaƙi da kamun bayi. Bugu da ƙari, akwai gomman wuraren narkar da tama a Shau Shau da Ampara, da kuma zane-zanen da ke jikin dutse a Tunga Dutse. Wannan ya nuna cewa abin da baƙo ke gani a yau a matsayin ƙungurmin daji, kufai ne na maƙera da manoma da matafiya.

3.3 Kafuwar Gandun Daji da Buɗe Shi ga Baƙi

Gwamnatin Jihar Arewa ce ta amince da keɓe dajin Yankari domin kare namun daji a 1956. A 1957 aka sanya shi cikin gandayen En'e ta Bauchi. An ɗauki 'yan shekaru ana shata iyaka, ana fitar da hanyoyin mota, ana gina masauki a kusa da maɓuɓɓugar Wikki. A ranar 1 ga Disamba, 1962 aka buɗe shi ga jama'a, wato shekara biyu bayan samun mulkin kai. A 1963 kuma Jihar Arewa ta yi tata dokar namun daji, wadda ta ƙarfafa ikon hukunta mai farauta ba da izini ba.

Zaɓen Wikki a matsayin masaukin baƙi ya taimaka ƙwarai wajen ɗaukakar Yankari. Ruwa ne garau mai ɗumi da ke fitowa daga ƙarƙashin wani dutse, ya miƙe kamar ƙaramin rafi zuwa Kogin Gaji. Ɗuminsa yana nan a wajen digiri 31 a ma'aunin Selshiyas, dare da rana, rani da damina. Don haka ko a tsakiyar hunturu baƙo na iya shiga ya yi wanka ko iyo. Akwai wasu maɓuɓɓugai a cikin dajin, kamar Dimmil da Gwana, amma babu wadda ta kai Wikki suna.

3.4 Abubuwan da Baƙi ke Zuwa Yi

Mai zuwa Yankari daga garin Bauchi yakan bi hanyar Gombe, ya ratse a Dindima, ya miƙe har zuwa ƙofar gandun da ke ƙauyen Mainamaji. Daga ƙofa zuwa masaukin Wikki akwai tafiyar kimanin kilomita 40 a cikin daji.

Babban abin da ke kawo baƙi shi ne kallon namun daji. Akan fita da sassafe ko da la'asar a cikin buɗaɗɗiyar mota tare da ja-gora, a bi gefen Kogin Gaji. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen rani, daga wajen Fabrairu zuwa Afrilu, domin a sa'an nan ciyawa ta bushe, tafkuna sun ƙafe, dabbobi dole su gangaro kogi shan ruwa. Mai sa'a yakan ga giwa da ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da mazo da mugun dawa da dorina da kada, wani lokaci ma har da zaki. An ƙididdige tsuntsaye fiye da iri 350 a dajin, shi ya sa wasu Turawa tsuntsaye kaɗai ke kawo su.

Baya ga wannan akwai wanka a Wikki, da ziyartar koguna da rijiyoyin da aka ambata, da hawan tuddai irin su Kalban domin hangen faɗin dajin. A masaukin akwai ɗakin ajiye kayan tarihi, inda aka jera fatu da ƙasusuwa da hauren giwa, tare da tarkuna da bindigogin toka da aka ƙwace daga hannun mafarauta. Su kuwa birai, musamman gwaggon biri, sun saba da mutane har sukan shiga ɗaki ko mota su sure abinci in aka yi sakaci.

Baƙin farko yawancinsu Turawa ne ma'aikatan gwamnati da kamfanoni da malaman makarantu. Da tafiya ta yi tafiya sai 'yan ƙasa suka shigo, musamman ɗalibai da ake kaiwa yawon ƙara ilmi, da iyalai masu zuwa hutun salla ko na Kirsimeti. An ba da rahoton cewa a shekarar 2000 gandun ya karɓi baƙi fiye da 20,000 daga ƙasashe daban-daban.

3.5 Sauye-sauyen Hukumomi

Yankari ya bi ta hannaye da dama. Da aka rushe Jihar Arewa a 1967 sai ya koma hannun Jihar Arewa maso Gabas. A 1976 ya faɗa cikin sabuwar Jihar Bauchi. A 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fitar da Doka ta 36, wadda ta mayar da shi gandun ƙasa a ƙarƙashin Gwamnatin Tarayya, tare da wasu gandaye irin su Gashaka-Gumti. A 2006, zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu, aka mayar da shi ga Jihar Bauchi, wadda ta kashe kuɗi wajen sabunta masaukin Wikki.

Abin lura a nan shi ne, gyaran ɗakunan kwana ya fi tsare daji sauƙi, ya kuma fi shi fitowa fili a idon jama'a. Amma baƙo yana iya samun ɗaki mai kyau a kowane birni. Abin da ya sa ya yi doguwar tafiya zuwa Alkaleri shi ne dabbobin, su kuwa sun yi ta raguwa. Raƙumin dawa da kyarkeci, waɗanda a da ake samu a dajin, sun ɓace. Annobar bushiya da ta auka wa shanun Nijeriya a 1983 ta taɓa ɓaunar Yankari. Giwaye kuma sun sha kisa saboda haurensu, duk da haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe da aka yi a 1989. Daɗin daɗawa, rikicin da ya ɓarke a Arewa maso Gabas daga 2009 ya sa ƙasashen waje gargaɗin mutanensu game da zuwa yankin, baƙin waje suka ja baya.

3.6 Gandun Daji da Mutanen Ƙauyuka

Killace Yankari ya zo wa mutanen kewaye da amfani da kuma asara. Ta fuskar amfani, an sami hanyar mota, wasu sun sami aikin gadin daji ko ja-gora ko hidimar masauki, wasu kuma suna sayar wa matafiya abinci a bakin hanya. Ta fuskar asara kuwa, maharbin da ya gaji farauta kaka da kakanni ya wayi gari sana'arsa ta zama laifi. Makiyayi yana ganin ɗanyar ciyawa da ruwan Gaji da rani, amma in ya kora shanunsa ciki a kama shi. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da kuma na 1983 zuwa 1984 ya turo makiyaya da yawa daga arewa, jama'a kuma ta ƙaru, gonaki suka matso har bakin iyaka.

Mafi ciwo ga manomi shi ne ɓarnar giwa. Gandun ba shi da shinge, don haka da kaka giwaye kan fito su shiga gonakin dawa da masara, su cinye noman shekara a dare ɗaya. Wanda aka yi wa haka da wuya ya tona asirin maharbin giwa in ya gan shi. Ta haka gaba ta shiga tsakanin ma'aikatan gandu da wasu mutanen ƙauyuka, har an sha rasa rayukan ma'aikata a arangama da mafarauta.

A 2014 Gwamnatin Jihar Bauchi ta ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiyar kare namun daji mai cibiya a Amurka, wadda ake kira WCS, domin kula da aikin tsaron dajin. Ƙungiyar ta horar da masu gadi, ta tsara sintiri, ta maƙala wa wasu giwaye na'urar da ke nuna inda suke. Ta kuma ɗauki wasu mutanen ƙauyukan aikin sa ido a kan giwaye, su sanar da manoma in sun doso gona, a taru a kore su. Har ila yau an riƙa kai 'yan makarantun ƙauyukan cikin gandun, domin da yawansu an haife su a bakin dajin amma ba su taɓa shiga a matsayin baƙi ba. Bayan 2015 an yi shekaru ba a sami rahoton kisan giwa ba. Giwayen da suka rage an ƙiyasta su tsakanin 100 zuwa 150, kuma suna cikin garkuna mafi girma da suka saura a Nijeriya.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa shiga daji domin kallo baƙuwar al'ada ce da ta sami gindin zama a Yankari daga 1962. An ga abubuwan da ke jawo baƙi, da hukumomin da suka riƙe gandun daga Jihar Arewa zuwa Jihar Bauchi. An kuma ga cewa dabbobin sun ragu a shekarun da mutanen kewaye ke kallon gandun a matsayin abin da aka ƙwace musu, kuma kisan giwa ya lafa bayan da aka ƙarfafa tsaro aka jawo mutanen ƙauyuka cikin aikin. Hausawa na cewa da ɗan gari akan ci gari. Duk hukumar da ke son baƙo ya ci gaba da ganin giwa a bakin Gaji, wajibi ne ta fara duba halin da manomin Duguri da na Mainamaji ke ciki a lokacin kaka.