Daga kaset ɗin ɓoye zuwa dandalin duniya: yadda muryar Abdallah ag Oumbadougou ta sauya

Hausawa na cewa in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Haka nan in mai sauraro ya sauya, muryar mawaƙi takan bi shi. Shekaru suna da nasu rabo, domin maƙogwaron ɗan ashirin daban yake da na ɗan hamsin. Amma abin da ya fi shekaru ƙarfi wajen juya salon mawaƙi shi ne wanda ake yi wa waƙar, da kuma abin da yake kai masa ita. Tarihin marigayi Abdallah ag Oumbadougou, wanda mutanen Abzin suke ɗauka uban waƙar gita a Nijar, ya nuna haka a fili. Turawa sun kira kiɗansa rok na hamada. Abzinawa kuwa suna kiran wannan salo assouf, kalmar da ta ƙunshi kewa da begen gida.

An haifi Abdallah a shekarar 1962 a wani ƙauye kusa da Agadas, daidai lokacin da ƙasar Abzin take gab da sauya kama. Tun 1957 masu bincike na Faransa suka gano ma'adinin uraniyom a yankin. A 1968 aka kafa kamfanin SOMAIR, a 1969 aka soma gina garin Arlit a tsakiyar fako, kimanin kilomita 240 arewa da Agadas, sa'an nan haƙar ma'adinin ta kankama a 1971. Kamfanin COMINAK ya biyo baya a 1974, ya fara aiki a 1978, garin Akokan ya tashi a gefensa. Ma'aikata suka yi ta kwararowa daga Damagaram da Maradi da Tawa da Yamai, har Hausa ta zama harshen kasuwa da na zaman fada a garuruwan biyu.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 suka ƙarar da dabbobin makiyaya. Samarin da suka rasa garke suka nufi ƙofar kamfani, da yawansu ba su sami shiga ba, balle da farashin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980. Sai suka ƙetara zuwa Tamanrasset ta Aljeriya da garuruwan Libiya neman abin yi. Su ne aka laƙaba wa suna ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marar aiki. A cikinsu ne ƴan Mali irin su Ibrahim ag Alhabib suka haɗa ƙungiyar Tinariwen. Abdallah, wanda ya koya wa kansa gita tun yana matashi, ya bi wannan hanya a 1984, kuma a 1987 ya kafa ƙungiyarsa mai suna Takrist n'Akal, wato gina ƙasa.

Kafin a fahimci muryarsa ta farko, sai an waiwayi abin da ya tarar. A al'adar Abzinawa kiɗa galibi na mata ne. Su ke kaɗa tende, turmin da aka rufe bakinsa da fata, wata ta ba da waƙa, saura su karɓa da amshi da tafi da guɗa. Su ke goga imzad, gogen nan mai tsirkiya ɗaya, namiji ya rera baitoci a kansa. Samarin gudun hijira ba su da turmi, ba su da goge, kuma sun bar iyaye mata da ƴan'uwa mata a gida. Sai gita ta ɗauki aikin goge, jarkar ruwa ta ɗauki aikin tende, abokan zama suka zama ƴan amshi. Abin da ba su bari ba shi ne tsarin bayarwa da karɓa, da kuma tangalt, wato magana a lulluɓe irin ta habaici, wadda mai hankali kaɗai yake gane inda ta dosa.

Muryar farko ke nan, muryar kaset. Ana ajiye rikoda a tsakiyar ɗaki ko gefen wutar shayi, a danna, a fara. Wanda ya saurari irin waɗannan kaset zai ji muryar a kusa, ba ta hawa sama sosai, ba ta yin nisa da magana. Tana tafiya tare da gita, layi bayan layi, kowace kalma tana fita sarai. Wannan ba kasawa ba ce, bukata ce ta kawo shi. Bayan kisan da aka yi a Cintabaraden a watan Mayun 1990, tawaye ya ɓarke a arewa, waƙoƙin Abdallah suka zama kamar wasiƙa tsakanin ƴan gudun hijira da na gida. Hukuma ta haramta su, mallakar kaset ɗinsa kan jawo wa mutum kamu. Duk da haka ana kwafa daga wannan rikoda zuwa waccan, direbobi da matafiya suna ɓoye su cikin kaya. Kowane kwafi yana rage tsabtar sauti, kuma mai sauraro yana rage ƙarar rikoda don kada maƙwabci ya ji. Waƙar da za ta tsira a irin wannan hali ita ce wadda kalmominta suka fita, karinta ya yi sauƙin haddacewa. Mawaƙin bai da bukatar nuna gwanintar maƙogwaro, domin wasiƙa ba a yi mata ado har a kasa karanta ta.

Ranar 24 ga Afrilu 1995 aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Yamai. A wannan shekara ce aka fitar da Anou Malane, kaset ɗin da Abdallah ya naɗa a Kwatano tare da Nel Oliver, mawaƙin ƙasar Benin da ya ƙware a aikin sitidiyo. Yana cikin na farko-farko da aka naɗi gitar Abzinawa da kayan zamani. A nan aka ji murya ta biyu. A zaman shayi mawaƙi ne yake jan kiɗa: in ya ga dama ya ja baiti, in ya ga dama ya dakata ya numfasa, masu tafi su jira shi. A sitidiyo kuwa na'urar ganga ce take riƙe da ma'auni, ba ta jiran kowa. Dole muryar ta daidaita numfashinta da bugun na'ura, ta shiga a kan kari, ta fita a kan kari. An ƙara mata amo, an ɗaga ta bisa kayan kiɗa, ta yi fes. Waƙoƙin da aka saba ji a ɓoye suka zama na biki da rawa, kuma Bahaushe da Bazabarme da ba su jin Tamashek suka sami abin da za su taka. Muryar ta sami jama'a, amma ta sallama wani ɓangare na ƴancinta ga na'ura.

Bayan dawowarsa gida Abdallah ya kafa ƙungiyar Takrist n'Tada don tallafa wa makaɗa da kare haƙƙinsu. A shekarar 2000 ya buɗe makarantar kiɗa a Arlit, a 2003 ya buɗe wata a Agadas. Zaɓen Arlit yana da ma'ana. Gari ne mai wutar lantarki, wadda ake samarwa da gawayin SONICHAR na Cirozerin, mai ma'aikata masu albashi da bukukuwa, amma kewaye da unguwannin marasa aikin yi. Matsalar da ta kori Abdallah a 1984 ita ce ya tarar tana jiran ƴaƴan tsaransa. A irin waɗannan garuruwa gitar lantarki ta zama sana'ar biki, amsa-kuwwa ta shigo, makaɗa suka ƙara sauri da ƙara. Mawaƙin da ya saba rera wa mutum goma ya koyi ɗaga murya bisa ganguna da kukan gita a filin da ya cika da ɗaruruwa.

Murya ta uku ta zo da aikin Desert Rebel, wanda aka soma a 2005, faifansa ya fito a 2006. A ciki Abdallah ya haɗu da Guizmo na ƙungiyar Tryo, da Daniel Jamet tsohon ɗan Mano Negra, da Amazigh Kateb na Gnawa Diffusion, kuma François Bergeron ya yi fim a kan tafiyar. An tsara cewa wani kaso na kuɗin zai koma ga makarantun kiɗa na Nijar. A nan muryarsa, wadda shekaru suka ƙara wa kauri da nauyi, ta zama ɗaya daga cikin muryoyi da dama, tana bayarwa tana karɓa da Faransanci da Larabci, a kan kiɗan rege da rok. Babban abin da ya sauya shi ne mai sauraro. Baturen da ya cika zauren wasa a Faransa ba ya jin Tamashek ko kalma ɗaya. Abin da yake ji shi ne launin muryar, da kaushinta, da kewar da ke cikinta. Tangalt ɗin da ya taɓa zama makami ya wuce ta bisa kansa. Faifan Zozodinga na 2012 ya ci gaba a kan wannan hanya ta kasuwar waje. Abdallah ya rasu ranar 4 ga Janairu 2020, ƴan watanni bayan kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da Anou Malane a 2019.

Magadansa sun bi sawun nan, kowa da nasa salo. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, ya sha faɗin cewa ganin wasan Abdallah ne ya sa ya harhaɗa gitarsa ta farko da wayar birkin keke. Ya naɗi faifansa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008, inda aka lanƙwasa muryarsa da na'ura irin yadda ake yi wa waƙoƙin finafinan Hausa, waƙoƙin suka bazu ta wayar salula. A faifan Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024 kuwa, muryar tana kokawa da gita mai ruri, tana tuhumar Faransa kan arzikin ƙasa. Bombino ɗan Agadas, a faifansa Azel na 2016, ya shigar da jeranta muryoyi irin ta Turawa, abin da waƙar ishumar ba ta saba da shi ba.

Ba laifi ba ne mawaƙi ya bi jama'arsa duk inda take. Kasuwar waje ce ta ciyar da makarantu, ita ce ta sa duniya ta san Abzin da wani abu bayan ma'adini. Haɗarin yana wani wuri daban. Muryar sitidiyo da ta dandali suna ajiye a faifai da intanet, kowa na iya samunsu. Muryar farko kuwa, wadda ta ɗauki tarihin fari da hijira da tawaye, tana cikin kaset da zafi da ƙura suke ci a akwatunan gidajen Arlit da Akokan da Agadas. Garuruwan ma suna sauyawa: COMINAK ta rufe ranar 31 ga Maris 2021, iyalai da dama suka kwashe kayansu suka koma garuruwansu, kuma wanda zai yi ƙaura ba ya ɗaukar kaset ɗin da ba shi da rikodar sa shi. Dattawan da suka san wanda kowane habaici yake nufi su ma suna raguwa.

Aikin da ya rage na malaman makaranta ne da ƙungiyoyin al'adu. A nemi kaset ɗin tun suna juyawa, a maida su cikin kwamfuta, a rubuta baitocin da Tamashek, a fassara su cikin Hausa da Faransanci, a zauna da waɗanda suka rayu a zamanin su warware ma'anarsu. Ɗalibin da aka sa wa waƙa ɗaya ta kaset da wata ta sitidiyo, aka tambaye shi abin da ya bambanta su da dalilinsa, ya shiga darasin tarihin ƙasarsa na shekara talatin ta ƙofar kunne.